Kyaftin ɗin Yumɓu

A garin Gwarzo an yi wani mutum mai suna Dalhatu, mai fara'a, mai baiwar hannu, wanda ba ya cin tuwonsa shi kaɗai. Aibinsa guda ne: son girma. In aka shimfiɗa tabarma shi ne a tsakiya, in mai hoto ya zo shi ne a gaba, har ya ɗan yi ɗage don ya fi na kusa da shi tsawo.

Ya yi shekaru a Ikko yana aiki a wani jirgin ruwa na dakon kaya, shi ne mai dafa wa ma'aikata abinci. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka rage ma'aikata, sai ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da labarai buhu-buhu. Ya koma gonar gado. Amma da zarar an kai dawa rumbu, sai ya zauna a zaure yana sassaƙa ƙananan jiragen ruwa da itacen rimi, komai da awonsa, tun daga ƙugiya har bututun hayaƙi. Mutanen unguwa suka sa masa suna Kyaftin don wasa, shi kuwa ya riƙa amsawa da gaske.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiransa haka ba, wato taubashinsa Ya'u, mai zanen manyan motoci a Kabo. Shi Kuku yake ce masa, ko a gaban wa. Ya'u ɗa ne ga Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifin Dalhatu, wadda ta raini Dalhatu tun yana tatata.

Wata rana Dalhatu ya je Kabo gaishe ta. Ya tarar yanar ido ta fara rufe mata gani, sai ya matso kusa sannan ta gane shi. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da gona da ƙafar da ke damunta, sai ta ce, "Dalha, shekara da shekaru kana cika mini kunne da jirgin nan naku. Ni ruwan da na sani bai wuce na kududdufin bayan gari ba. Ka yi mini irinsa, ka ɗora shi a kan ruwa in gani, tun idon nan bai gama tafiya ba."

"Gwaggo, an gama," in ji Dalhatu. "Da mutanensa ma za ki gan shi."

Ya'u da ke bakin ƙofa ya ce, "Inna, ki ce ya sa tukunya a ciki, don nan kaɗai ya sani a jirgin."

"Rufe mana baki, mai shafa wa mota kwalliya!"

Bayan sun gama tsokanar juna suka raba aiki. Dalhatu zai gina jirgi, Ya'u zai yi wa ma'aikatansa fenti. Sai dai lokacin an ƙaddamar da Shari'a ba da daɗewa ba, kowa yana duba sana'arsa da kyau, Ya'u ma ya daina zana zaki da dawisu a jikin mota, ya koma furanni da rubutu. Saboda haka suka je wurin Malam Ɗayyabu, limamin unguwarsu Dalhatu, suka kai masa mutum ɗaya na gwaji, wanda aka fiƙe da totuwar kara, tsawonsa bai wuce tsinken ashana ba.

Malam ya ɗora shi a tafin hannu, ya juya shi, ya yi murmushi. "Wannan ai ƙanen 'yar tsana ne. Ni abin da zan ce muku, ku bar fuskar a shafe. Kada ido, kada hanci, kada baki. Ku yi musu riga da hula, ya isa."

Suka yi godiya suka tashi.

Ranin nan kaf zauren Dalhatu bai rabu da dariya ba. Ya rarake gungumen rimi mai tsawon gaba guda, wato buɗin hannu biyu, ya shafe cikinsa da kwalta, ya jera duwatsu a can ƙasa don jirgi ya zauna daidai. Ya yi ɗakuna hawa-hawa da ƙananan tagogi, ya yi matakala da tsinken tsintsiya, igiyoyi kuwa zaren saƙar hular matarsa Marka ya riƙa ɗiba, tana nema tana faɗa. Ya'u yakan zo ranar da ba aiki a tasha, da guntayen fenti a murafen kwalba, don fenti ya yi tsadar da ba a zubar da ɗigo. Burushinsa gashin wutsiyar akuya ne 'yan ƙwarori, ɗaure a tsinke. Yakan riƙe numfashi ya ja layi, sai ka ga aljihu ya fito a rigar da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya yi mai jan igiya, ya yi mai goge dandamali, ya yi bakanike da baƙin tsumma a kafaɗa. Ya yi wani mai ɗan tumbi riƙe da ludayi, ya ajiye shi a gaban Dalhatu.

Dalhatu ya yi dariya tare da kowa, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya dubi mutanen nan a jere, duk tsawo ɗaya, duk fuska a shafe.

"To yanzu ta yaya Gwaggo za ta gane ni a cikinsu?"

"Ga ka nan da ludayinka."

"Ni a sama zan tsaya, a ɗakin tuƙi. Kuma tunda ba fuska, dole in fi su girma, yadda ko daga nesa za a san wane ne."

Totuwa ba ta da kaurin da yake so, sai ya samo yumɓu wurin masu ginin tukwane. Ya mulmula mutum mai tsawon taƙi guda, da faffaɗan ƙirji, hannu a ƙugu, ya gasa shi a murhun Marka. Da Ya'u ya gani sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"Kuku, wannan ta wace ƙofa zai shiga ɗakin? Ai takalminsa ma ya fi tagar girma."

"A kan rufi zai tsaya."

Ya'u ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, sai dariyar ta ragu. "Kai da bakinka ka ce mini nauyi a ƙasa ake sa shi. Don me muka jera duwatsu? Mu kai shi rafi mu gwada tukuna."

"In gwada, yaran gari su gama kallo kafin Gwaggo? Jirgina ne, na san abin da zai ɗauka. Kai dai yi masa farar riga da maɓallai na zinariya."

Ya'u ya yi masa, ya kuma yi da kyau, don ba ya iya mugun aiki ko yana fushi. Marka ma ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ai kamar an ɗora turmi a kan faifai." Dalhatu ya ce mata ta kula da miyarta.

Da damina ta sauka kududdufin bayan Kabo ya cika, aka sa rana, Juma'a bayan la'asar. Aka ɗauko jirgi a bayan akori-kura, lulluɓe da zanen Marka. Labari ya riga su isa. Yara sun cika bakin ruwa, masu dawowa daga gona sun jingine kekuna, mai rake har ya kafa baro. Aka kawo Gwaggo Asibi aka zaunar da ita a kujera dab da ruwa, ta sha sabon mayafi kamar mai zuwa suna.

Dalhatu ya sa farar riga, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwa da jirgin a rungume. Ya yaye zanen. Jama'a suka ɗauki salati. Gaskiya jirgin ya yi kyau, baƙi da ja a ƙasa, fari fat a sama, ga 'yan mutane kowa a bakin aikinsa, ga kuma ƙaton kyaftin a kan rufi ya yi musu rumfa.

"Gwaggo, kina gani?"

"Ina ganin wani abu fari-fari. Sake shi mana ya yi tafiyar!"

Ya sake shi. Jirgi ya ɗan matsa gaba, ya yi rangaji dama, ya dawo hagu. Iska 'yar kaɗan ta taso. Sai kyaftin ya sunkuya kamar mai gaida ruwa, ya ja jirgin gaba ɗaya, tsulum! Gindi ya koma sama.

Can sai ga 'yan ma'aikatan totuwa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, suna yawo a kan ruwa. Kyaftin kuwa ya ɓalle ya wuce ƙasa, ko kumfa bai bari ba.

Ya'u ne ya fara faɗawa ruwan da rigarsa. Ya kamo jirgin, ya birkice shi, ya tsiyaye ruwan. Bututun hayaƙi ya karye, hawa na sama ya ɓare, farin fentin nan duk ya sha taɓo. Ya sake ɗora shi a kan ruwa. Da yake nauyin sama ya tafi, sai jirgi ya zauna daram, iska ta tura shi a hankali ya bi ta gaban kujerar tsohuwa.

Gwaggo Asibi ta miƙa wuya, ta ƙanƙance ido, ta bi shi da kallo har ya wuce. Sai ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ashe haka jirgi yake, sai ya yi nutso kamar agwagwa sannan ya kama hanya? Dalha, kullum haka kuke yi da mutane a ciki? Wallahi gara da suka sallame ka!"

Dariyar da aka danne ta fashe. Mai rake har da riƙe ciki. Dalhatu yana tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa ido. Daga baya shi ma ya bushe da dariya, har da hawaye.

"Gwaggo, ba haka yake ba. Ki ba ni zuwa baɗi, zan gyara shi ki gan shi fari tas."

"To, Allah ya kai mu. Amma ni dai na ga jirgi."

Ya gyara shi kuwa, ya fi na farko kyau, kowa a cikinsa daidai da ƙofarsa. Sai dai kafin wata damina idon Gwaggo ya rufe gaba ɗaya. Jirgin da ta gani shi ne wancan mai taɓo da karyayyen bututu, shi ta riƙa ba jikokinta labarinsa har ƙarshen rayuwarta, tana yi tana dariya. Dalhatu yakan taya ta, amma ya san abin da ya hana ta gani, ya kuma san wanda ya jawo.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mutum ya tsaya daidai awonsa. Dalhatu ya san aikinsa, an kuma faɗa masa gaskiya tun da sauran lokaci, amma son a gan shi ya fi kowa ya toshe masa kunne. Wanda ya kumbura kansa ya hau saman aikin da aka yi tare, ba kansa kaɗai yake kifarwa ba, har da wahalar 'yan'uwansa da farin cikin wanda aka yi abin dominsa. Kuma ba kullum ake samun damar gyarawa a idon wanda ya kamata ya gani ba.