Biran da Ke Riƙe wa Baƙi Ido

Dalilin da ya sa birai suke ƙwace wa baƙi tabarau a wani garin ziyara na ƙasar Indiya, shi zan gaya muku, yara. Sunan garin ya shige mini. Abin da na riƙe shi ne kogi, da matakalar dutse mai gangarawa cikin ruwa, da ɗakunan bautar Hindu birjik, kowanne da ƙararrawarsa.

A da, biran garin ba sa taɓa kayan kowa. Itatuwa ne ko'ina, suna cin 'ya'yansu, mai ziyara kuma in ya zo wucewa ya ajiye musu ayaba. Sai gari ya bunƙasa. Aka sare itatuwa, aka gina masaukai. Masu ziyara suka koma sauri, kowa idonsa na can sama kan hasumiya.

Ana nan sai wata tsohuwa, Gomati nake jin sunanta, ta iso daga wani ƙauye mai nisa. Tun tana yarinya take burin ganin abin bautarsu da ke babban ɗaki, wanda ake yaye wa labule na ɗan lokaci a mayar. A wurinsu, ganin nan shi ne ibadar. Idonta ya yi rauni, ba ta hangen nesa sai da tabarau, kuma ta san ƙafarta ba za ta sake kawo ta ba. A bakin mayafinta ta ƙulle alewar madara da za ta miƙa a ɗakin.

A kan matakala akwai wata birinya da ɗanta, yunwa ta ƙafar mata da nono. Ta miƙa hannu, tsohuwa ta wuce. Sai birinya ta yi tsalle, ta fizge tabarau, ta haye katanga.

"Wayyo idona! Wane ne?"

"Ni ce, Iya," in ji birinya. "Ina gabanki kika tsallake ni."

"Ban gan ki ba."

"Da gilashi har biyu a fuska? To aikin me yake miki?"

Ƙararrawa ta fara kaɗawa, alamar an yaye labule. Gomati ta durƙushe.

"Ki ji tausayina, 'yar nan. Yau kaɗai gare ni."

"Shi ma wannan yau kaɗai gare shi."

Birinya ta sauko ta ɗora mata ɗan a cinya. Tsohuwa ta shafa, ta ji haƙarƙari zalla. Sai ta kwance bakin mayafi.

"Wannan alewa ta wanda na zo wurinsa ce," ta ce. "Amma in na hana ku, da wane ido zan dube shi?"

Birinya ta karɓi alewa, ta miƙa mata tabarau. "Daga yau, wanda ya wuce mu bai duba ba, za mu riƙe masa idonsa har ya waiwayo."

"Ku riƙe, amma kada ku fasa."

"Ba za mu fasa ba."

Gomati ta hau matakala hannu wofi, tana haki. Ta isa ana jan labule. Ta gani, kamar ƙiftawar ido. Ta fito tana dariya, hawaye na zuba.

To, shi ya sa har wa yau, in biri ya fizge maka tabarau a garin nan, ba ya gudu da shi. Katanga zai hau ya zauna, ya riƙe shi a hankali, yana jira ka tsaya ka nemi inda yake.