Abokin Tayin Malam Talle

Masu ba da labari sun ce an yi wata shekara a wani babban birni da gidaje suka haukace. Gidan da aka taya da safe, kafin azahar ya ƙara kuɗi, kafin magariba mai shi ya ce ya fasa sayarwa sai baɗi. Dillalai suka yi ƙiba, har wanda jiya yake aron takalmi ya koma amsa gaisuwa da ka.

A shekarar ce aka sayar da gidan da Malam Talle tela ya yi shekara goma sha huɗu yana haya a ciki. Sabon mai gida ya ba shi wata biyu ya kwashe, shi da matarsa Gaje da 'ya'ya huɗu da tsohuwarsa wadda ba ta tashi sai an kama ta. Talle ya sami wani ɗan gida mai ɗaki uku a bakin gari, ya taya ta hannun dillali. Bayan kwana biyu dillali ya ce wani ya yi ƙari. Talle ya ƙara, wancan ya ƙara, har sau huɗu. Saura kwana tara wa'adinsa ya cika, dillali ya bugo waya ya ce, "Maigida, in la'asar ta yi ba ka ƙara ba, wallahi ba ruwana." Abin da ya rage wa Talle kekunan ɗinkinsa uku ne, kuma ga mai saye yana jira.

Ya zauna a zaure bayan azahar, tsoro ya cika shi. In ya sayar da kekuna, da me zai ciyar da gida? In bai sayar ba, ina zai kai tsohuwa? Sai wani zanzaro da ke ginin laka a jikin azara ya ajiye aikinsa ya ce, "Malam, wa kake ja da shi?"

Talle bai ko yi mamaki ba, damuwa ta riga ta cinye mamakinsa. Ya ce, "Ban san shi ba. An ce wani mai ƙarfi ne."

"Gaje ta san kana cinikin?"

"Me zan gaya mata? Kullum ce mata nake Allah zai kawo mafita. Namiji ba ya ɗora wa iyali irin wannan."

Zanzaro ya ce, "Ina jin tsoron kada abin da ya sami Nomau mai albasa ya same ka."

Talle ya ce, "Me ya same shi?"

Zanzaro ya ce:

An yi wani falke mai suna Nomau, mutum mai gaggawa, wanda in ya aika yaro kasuwa sai ya aika wani ya bi bayansa. Ya sa dillali Jatau ya nemo masa gida, ya ce kada a faɗi sunansa, don ka san in aka ji sunan mai abin hannu sai kuɗi ya tashi. Jatau ya samo wani gida da ƙofarsa ke kallon masallaci, aka taya. Nomau ya ga kamar Jatau na da sanyin jiki, sai ya kira wani dillalin, Mati, a ɓoye, ya ce, "Nemo mini wani a unguwar nan, in wancan ya kuɓuce in riƙe wannan. Duk abin da aka taya, ɗora a kai." Mati ya dawo ya ce ya sami wani mai tsamiya a ƙofa.

Tun daga nan Nomau bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Jatau ya zo ya ce an yi ƙari a gidan masallaci, ya ƙara. Mati ya zo ya ce an yi ƙari a gidan tsamiya, ya ƙara. Ya sayar da albasar da ya ɓoye don damina tun ba ta yi kuɗi ba, yana ta tsine wa mutum biyu da bai taɓa gani ba.

Mai gidan da ke kallon masallaci wata tsohuwa ce, Inna Tabawa, ita da 'ya'yanta suka gaje shi. Da kuɗi ya ninka, maimakon murna sai hankalinta ya tashi. Ta ce, "Wannan ba kuɗin gidana ba ne, wani ne ba shi da lafiya. A kawo mini masu tayin in gan su ido da ido." Nomau ya zo ta ƙofar masallaci, ya zauna yana cika yana batsewa, yana jiran abokin gaba. Tabawa ta ce, "Ɗan nan, kafin ya iso, ka taɓa jin labarin Ilu da Dogara?"

Ya ce, "A'a, Inna."

Ta ce:

Wa da ƙane ne, aka raba musu gidan ubansu da katanga, kowa ya haƙa rijiyarsa. Da rani ya tsananta, ruwan Ilu ya ja baya. Ya ji nauyin roƙon ƙanensa guga ɗaya, sai ya sa aka ƙara wa rijiyarsa zurfi kamu biyu. Ashe idon ruwa ɗaya suke sha. Kashegari ta Dogara ta ƙafe. Shi ma ya ji kunyar wansa, ya ƙara kamu uku. Ilu ya ce aljannu ne, Dogara ya ce sammu ne, kullum suna gaisawa a ƙofa kowa na cewa lafiya lau. Suka yi ta nutsawa har suka fasa dutsen da ke riƙe da ruwan, ya tsiyaye ƙasa gaba ɗaya. Ran nan diga ta huda tsakanin ramukan biyu, Ilu ya ga fuskar Dogara a ƙarƙashin ƙasa, kowa da busasshen guga. Da ɗayansu ya leƙa ta katanga ya faɗi gaskiya tun farko, da rijiya ɗaya ta ishe su.

Tabawa tana rufe baki, sai ga Jatau ya shigo ta gaba, Mati ya shigo ta ƙofar baya wajen tsamiya, kowa ya durƙusa ya ce wa Nomau, "Maigida, ka riga ni?" Gidan ɗaya ne, ƙofa biyu gare shi.

Tsohuwa ta so a koma tayin farko, amma 'ya'yanta suka ƙi, suka ce abin da aka taya shi ne kuɗin gida. Maƙwabta kuma sun riga sun ji, kowa ya ɗaga nasa. Nomau ya kasa cikawa, wani baƙo ya zo ya saye. Da bakinsa ya sa unguwa guda ta fi ƙarfinsa.

Zanzaro ya ce, "To, Malam, shi da kansa ya ja. Kai ban ce da kanka kake ja ba. Ni magini ne, ina da gini a zaure, ina da gini a cikin gida, kuma ba na ɗaukar magana daga ɗaki zuwa ɗaki. Amma tsakaninka da tsakar gida taku goma ne, la'asar kuwa da sauran lokaci."

Talle ya dubi ƙofar cikin gida. Ya tashi ya shiga. Ya tarar da Gaje zaune a bakin ɗaki, waya a cinyarta, idanunta sun yi ja.

Ya ce, "Gaje, lafiya?"

Ta ce, "Malam, ka yafe mini, na ɓoye maka wani abu. Na ga ka rame, ba ka cewa komai, na ɗauka ba ka da hanya. Na sayar da shanun gadona biyu da sarƙata, na ba Yaya Tukur ya taya mana wani ɗan gida a bakin gari, mai ɗaki uku, don Iya ta sami inda za ta kwanta. To akwai wani mugu, Allah ya isa tsakanina da shi, duk abin da muka sa sai ya ɗora. Sau huɗu! Yanzu injin markaɗena kaɗai ya rage, an ce kafin la'asar."

Talle ya nemi bango ya jingina, ya zame har ƙasa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi aure.

Ya ce, "Janye Allah ya isan nan, Gaje. Ni ne mugun."

Ta dube shi, ta dubi wayar, ta ɗora hannu biyu a ka. Ba wanda ya yi dariya, don dukansu sun san kuɗin da suka tura sama ba lallai ya sauko ba.

Can Talle ya ce, "Kira Yaya Tukur, ki ce ya tsaya. Ni ma zan ce wa dillalina ya tsaya. Ba keken da za a sayar, ba inji. Ɗauko mayafinki mu je wajen mai gidan da ƙafarmu, mu gaya masa abin da muka yi. In ya tausaya, to. In bai tausaya ba, mu nemi haya tare."

Da suka zo wucewa ta zaure, Talle ya ɗaga kai ya ce, "Na ji, magini, na kuma karɓa."

Zanzaro ya ce, "Ku yi sauri dai. Maƙwabtansa ma suna da kunne."