Yadda Kyallu Ta Samo Kunnuwa

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, mu saurare ta.

To, kowa ya kama kunnensa ya lanƙwasa. Kun ji ba ƙashi ba ne, ba kuma tsoka ba? Guringuntsi ke nan. Kai Ɗanliti, naka na ce, ba na ƙanwarka ba.

A da can babu mai kunne a duniya. 'Yan ramuka ne kawai a gefen kai, irin na ƙadangare. Magana sai ta zo ta wuce ta gefe, sai dai in ihu ce. Saboda haka kowa ihu yake yi. Gaisuwa ihu, ciniki ihu, hatta gulma ihu, shi ya sa ba ta daɗewa ake dambe.

A lokacin akwai wata Zomanya mai 'ya'ya. 'Yar farinta sunanta Kyallu. Kun san kunyar ɗan fari. Zomanya ba ta kiran sunan Kyallu, ba ta kallon idonta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Ƙannen kuwa sai ta ƙwala musu kira da suna, har maƙwabta su ji. In ta zo kan Kyallu sai ta kalli bango ta ce waccan ta zo ta ɗauki tuwonta.

Abin yana cin Kyallu a rai. Rannan autar gidan ta ba ta labari, wai kullum in ta juya baya za ta tafi yankan ciyawa, bakin Inna yana motsi. Kyallu ta tambaye ta me take cewa. Auta ta ce ita ma motsin kawai take gani.

Kyallu ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ɗankwali. Ta ce a ranta, in zagi ne, za ta haye kogi wurin gwaggonta, ba za ta ƙara dawowa ba. Amma sai ta ji tukuna.

Ta tafi wurin Kura. Ta yi sa'a Kura ta ƙoshi, tana kwance tana sakace.

Kura ta ce ta hanci, "Me ya kawo abincin gobe yau?"

Kyallu ta ce abin kama ƙaramar magana take nema. Kura ta tona tarin ƙasusuwanta, ta zaro allon kafaɗar rago guda biyu, ta ɗaura mata a kai. Ta ce duk maganar da ta yi karo da wannan, ta ga ta kanta.

Da safe Kyallu ta juya baya, bakin Inna ya motsa. Maganar ta zo ta bugi ƙashi, ƙwal, ta koma inda ta fito. Ba abin da ya shiga. Ga nauyi, wuyanta har ya sage.

Ta tafi wurin Dila. Dila ya saurare ta yana kaɗa kai kamar mai tausayi.

Ya ce da siririyar muryarsa, "Ai magana aba ce mai son laushi, 'yata. Kura me ta sani ban da ƙashi?"

Ya kawo tantanin kitse, ya manna mata dama da hagu. Ya ce ba zai karɓi komai ba, rakiya kawai zai yi mata. Rana ta ɗaga, kitse ya fara narkewa, Dila yana biye yana lashe abin da ya ɗiga. Wanda bai narke ba ya faɗo ya toshe ramukan. Da safe ko carar zakara Kyallu ba ta ji ba, balle motsin bakin Inna.

Ta tafi mahauta, wurin tsohuwar Ungulu. Ungulu ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ta ko wane angon ne ya shafe ta da man shanu haka. Kyallu ta ce aƙalla ita tana da gashin da za a shafa. Ungulu ta yi dariya har ta yi tari, ta ce jikar nan ta iya baki, ta ba ta wurin zama.

Da ta ji labarin, sai ta jawo wani tari da mahauta suka zubar. Masu son ƙashi sun ƙi shi, masu son tsoka sun ƙi shi. Guringuntsi ne. Ta sa baki ta lanƙwasa shi kamar mazurari, ta yi masa 'yan kwaruruka suna gangarawa ciki, ta rufe da fata.

Ta ce, "Ƙaramar magana kamar yayyafi take, sai an tara mata ƙwarya. Wannan zai tsaya bai faɗi ba, zai kuma karɓa bai mayar ba. Ya tattaro ta, ya gangara da ita rami. Can ciki akwai 'yar ganga, da maganar ta taɓa fatarta sai ta yi rawa, ke kuma ki ji."

Ta manna mata. Nan take Kyallu ta ji tafiyar tururuwa. Ta ji ciyawa tana gogar ciyawa. Ta ji cikin Ungulu yana ƙugi, ta kuwa faɗa mata.

Ungulu ta ce, "Tashi ki tafi, marar kunya. Amma ki sani, abin da ya shiga ba ya fita."

Gari ya waye. Kyallu ta ɗauki ƙullin kayanta ta ɗora a ka. Inna tana bakin murhu tana hura wuta, ta ga ƙullin, ta ci gaba da hura wutarta. Kyallu ta nufi ƙofa. Fuskarta tana gaba, sai ta juya kunnuwan baya a hankali.

Maganar ta taso ƙasa-ƙasa, ta bi kwarin kunne, ta gangara, ta taɓa 'yar ganga.

"Kyallu. Kyalluna. Allah ya tsare min ke. Kada ƙaya ta taɓa ki, kada shaho ya gan ki. In ma tafiyar za ki yi, Allah ya sa a riƙe min ke da kyau. Ni dai ke na fara gani."

Kyallu ta tsaya cik. Ashe haka sunanta yake a bakin Inna. Ta so ta ruga ta faɗa jikinta, amma ta san in ta waiwaya kunya za ta kama tsohuwa, gobe bakin ba zai ƙara motsi ba. Sai ta sauke ƙullin, ta ce da ƙarfi wanki ne za ta kai rafi.

A bakin ƙofa, ba ta juyo ba, ita ma ta motsa baki. Ta ce, "Amin, Inna. Ina nan."

Inna ba ta ji ba, don ba ta da abin ji. Ranar ko rafin Kyallu ba ta je ba, sai mahauta. Ta ce wa Ungulu a lanƙwasa mata wasu guda biyu, na manya.

Daga nan kowa ya yi ta zuwa. Jaki ya zo da wuri ya zaɓi dogaye. Giwa ta ce a haɗa mata da na maƙwabta. Mutum ya zo a makare, ya sami 'yan guntaye, shi ya sa har yau in magana ta yi masa nisa yake kara tafin hannu a bayan kunne. Ungulu ta yi ta rabo har ta manta da kanta, ga kanta nan fayau.

Dalilin da ya sa kunne ya zama guringuntsi ke nan, ba ƙashi ba, ba kitse ba. Kuma in kun ga zomo yana kallon gaba kunnuwansa suna baya, kada ku kore shi. Addu'ar uwarsa yake saurare.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera da kunnuwansa duka biyu.