Manomin da Yake Aiken Ɗansa Kunno Taba

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo, yana da ɗa guda ɗaya tak wanda yake ƙauna kamar ransa. Aibinsa taba. Ashana kuwa ba ya ajiyewa, wai me za a yi da ita alhali ga wuta a murhu. In ya dawo gona ya miƙe ƙafa a zaure, sai ya miƙa wa yaron karan sigari ya ce, "Maza je wurin uwarka ka kunno mini. Kada ka bari ta mutu a hanya."

To, tsakanin murhu da zaure akwai 'yar tafiya, ga iska. Ran da ta mutu, yaro ya sha ranƙwashi. Sai ya gano dabara: in ya ɗan zuƙa a hanya, ba ta mutuwa. Uban yakan karɓa ya yaba masa, sa'an nan ya ja masa kunne ya ce, "Kada in kuskura in gan ka kana sha. Ba ta yara ba ce."

Da yaron ya girma, uban ya kai shi makarantar kwana da murna. A can akwai ɗalibai masu laɓewa bayan ɗakin kwana suna sha, wanda ya ƙi su ce masa ɗan ƙauye. Sababbi suna tari suna hawaye, shi ko gezau, har ya zama babbansu. Ba a daɗe ba aka kama shi, aka koro shi gida.

Ran uban ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗauko bulala ya ce, "Wa ya koya maka? Ɗan gidan wa ne? Yau sai na je har gaban ubansa!"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba a makaranta na koya ba. Tsakanin murhu da zauren nan ne."

Manomin ya ajiye bulalar. Daga ranar bai sake taɓa taba ba, amma ɗan ya kasa bari. Shekaru suka wuce, ƙirjinsa ya lalace, ko kunya ɗaya ba ya iya nomewa sai ya zauna yana haki. A ƙarshe tsohon ne ya tsaya bakin kabarin ɗansa, yana kuka ba mai iya rarrashinsa.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Manomin nan mu ne: iyaye, yayye, malamai. Mukan hana da baki, mu koyar da hannu. In 'ya'yanmu suka faɗa shan taba, sai mu ɗora wa abokan banza. Gaskiya ne abokai suna ja, amma sau da yawa sukan tarar an riga an share musu hanya daga gida. Ku kuma ɗalibai, zuƙar farko ba ta da ƙanƙanta. Gara a kira ka ɗan ƙauye da ka ba hayaƙi jikin da Allah ya ba ka amana. Uba yana iya tuba ya bari, Ubangiji kuwa ya gafarta masa. Amma tubansa ba zai fitar da hayaƙi daga huhun ɗansa ba.