Ɗigon da Bai Shiga Ido Ba

Akwai wani dattijo a Azare mai suna Malam Umara, mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Shekara arba'in yana wannan sana'a, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar natsuwar hannunsa.

Wata rana ya je asibiti a duba masa ido. Da likita ya auna shi, sai ya ce yana da hawan jinin ido. Ya rubuta masa maganin ɗigawa, ɗigo ɗaya a kowane ido, safe da yamma. Ya gargaɗe shi cewa wannan ciwo ba ya zafi, a hankali yake cin gani, kuma abin da ya ci ba ya dawowa.

Matarsa, Hajiya Fanna, ita ta raka shi, ta ji komai da kunnenta. Washegari ta wanke hannu, ta ɗauko kwalbar.

"Malam, kishingiɗa in sa maka."

"Ki sa wa wa? Ni da nake ɗiga wa agogo mai a ramin da bai kai kan allura ba? Miƙo nan."

Ya shige ɗaki ya juya mata baya.

Gaskiya bai taɓa tsallake lokaci ba. Sai dai duk sanda ya fito, Fanna takan ga gemunsa a jiƙe. Kwalbar da aka ce ta wata guda ce, kwana goma sha biyu ta ƙare. Wata safiya ta leƙa. A tsaye yake, kuma da zarar ɗigon ya taho, idon ya runtse da kansa.

"Malam, wai gemun ne ba shi da lafiya, ko idon?"

"Ragowar ce take gangarowa. Ke dai ki kula da tukunyarki."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ƙaninsa ta kirawo daga Gadau. Malam Umara ya ce ba wanda zai riƙe masa kai kamar jaririn da za a yi wa ɗura. Takaici ya ishe ta, ta zuba masa ido.

Bayan wata huɗu suka koma asibiti. Likita ya duba awon, ya ɓata fuska.

"Baba, kana sa maganin kuwa?"

"Ko sau ɗaya ban fasa ba."

Fanna ta gyara mayafinta. "Likita, a ce ya sa a gabanku."

Malam Umara ya harare ta, amma ma'aikaciyar jinya, Suwaiba, ta riga ta miƙa masa kwalbar. Ɗigon farko ya sauka a gira. Na biyu ya bi kunci. A na uku ya dangwala bakin kwalbar a gashin ido, idon kuma ya rufe.

Likita ya ce galibin ganin idon dama ya tafi. Na hagu ne ake fatan tsarewa.

Suwaiba ta kwantar da Malam Umara, ta kira Fanna. "Mama, ki wanke hannu. Ki ja fatar ƙasan ido, ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalbar ya taɓa komai. Ya lumshe, ki danna gefen idon ta wajen hanci minti biyu."

Fanna ta yi yadda aka ce.

Da suka fito bakin titi, babura na ta wucewa, sai ya tsaya cak.

"Fanna," ya ce a hankali, "dawo ta damana. Idan abin hawa ya taho ta nan, ki faɗa mini."

Darasi: Ƙarewar kwalba ba ita ce shaidar magani ya shiga ido ba. Duk mai hawan jinin ido ya gwada yadda yake ɗigawa a gaban ma'aikatan asibiti, idan hannu bai iya ba ya bari a taimake shi, domin girman kai ba ya dawo da gani. Ku tura wannan labari ga duk gidan da ke da irin wannan kwalba, musamman inda maigida ba ya jin magana.