Matata Ba Ta Da Maƙoƙo

Badaruddeen Sabo mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, kuma mutum ne da ba a gaya masa magana. In ka ce masa ana ruwa a waje, sai ya ce ai shi ya fara ganin hadarin. Da farar hula suka dawo mulki kuɗi suka fara yawo a gari, shi ma ya samu gida a Gwarimpa da mota mai sanyi. Tun daga nan girman kan nasa ya tashi daga hali ya koma ciwo.

Matarsa Nazeefa malamar sakandare ce a Bwari, mace mai kazar-kazar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Bayan ta haifi ɗansu Fu'ad sai cikinta ya fara bushewa. Ta kan yi kwana da kwanaki ba ta zagaya ba, in kuma ta shiga banɗaki sai ta fito da gumi da hawaye. Daga baya gajiya ta biyo, sai barci ba dare ba rana. Ana zafin da kowa ke neman fanka, ita tana lulluɓe da bargo. Jikinta ya yi nauyi, fuska ta kumbura, gashi yana bin mataji.

Matan unguwa suka riƙa yi mata barka. "Lallai Abuja ta karɓe ki, irin wannan ƙiba haka."

Da ta kai kuka wurin mijinta, bai ko ɗago daga jaridarsa ba. "Basir ne," in ji shi. "Wane Bahaushe ne ba shi da basir?"

Wannan kalma ta basir ta cuci mutanenmu ba kaɗan ba. Ciwon baya basir, jiri basir, kasala basir. Badaruddeen da duk digirinsa ya riƙa tsayawa wurin masu tallar magani da lasifika yana cika bayan mota da jarkoki. Nazeefa ta sha ɗaci har ta gode Allah. Maganin ya wanke mata ciki yau, jibi cikin ya sake ɗaurewa fiye da da.

Maƙwabciyarsu Dakta Rosemary likita ce, ba Bahaushiya ba, amma tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta daɗe tana lura da Nazeefa. Wata safiya ta tare Badaruddeen a bakin get yana shirin fita.

"Oga, don Allah ka kai madam asibiti a yi masa gwajin jini. Ina zargin tayirod ɗinsa ba ya aiki sosai."

"Mene ne kuma tayirod?"

"Wani ɗan abu ne a nan gaban wuya, wurin da maƙoƙo yake fitowa. Shi ke ba jiki saurin aiki. In ya yi rauni komai sai ya yi sanyi, har hanji. Shi ya sa bayan gida ba ya fita."

Duk bayanin nan kalma ɗaya kawai ta shiga kunnensa. Ya haɗe rai.

"Maƙoƙo? Matata? Dakta, dubi gidan nan da kyau. Mun yi miki kama da mutanen da ke shan ruwan rafi? Matata ba ta da maƙoƙo. Kuma me ya haɗa wuya da ciki?"

"Ba dole wuya ya kumbura ba, oga. Gwaji kawai."

Ya ja ƙofar mota ya bar ta tsaye. Da yamma ya kafa wa Nazeefa doka: kada ta sake shiga gidan matar nan, kada kuma ya ji ta je asibiti ana yi musu kallon ƙauyawa.

"Abban Fu'ad, ni ce fa nake jin abin a jikina," ta ce, muryarta a dishe.

"Ragwanci ne yake damunki. Hutu ya yi miki yawa."

Haka aka ci gaba. Ta fara makara, ta fara mance abin da take koyarwa a tsakiyar darasi, har makarantar ta sallame ta. Wannan ma bai sa shi ya yi tunani ba. Ni abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ko ƙara ya ji a injin motarsa ba ya kwana sai bakanike ya duba.

Ranar da aka ƙara masa girma ya gayyato abokan aikinsa cin abincin rana. Nazeefa ta ɗora tukunya, ta zauna a kan kujera don ta ɗan huta, barci ya kwashe ta. Ƙauri ne ya tarbi baƙin tun daga ƙofa. Badaruddeen ya tashe ta da tsawa a gabansu.

"Dube ta. Ci da barci kawai, kamar buhun masara. Kin zubar mini da mutunci. Tattara ki tafi gidanku, na sake ki."

Yayanta Saleh, mai shagon atamfa a kasuwar Karshi, shi ya zo ya ɗauke ta da yaron. Da ya ga yadda ta koma, bai wuce da ita gida ba sai asibiti. Cikinta ya yi tauri har sai da aka kwantar da ita. Gwajin jini ya nuna abin da Dakta Rosemary ta faɗa. Aka ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum da safe kafin karin kumallo. A hankali cikin ya saki, kumburin ya sace, muryarta ta dawo. Kafin shekara ta zagayo ta samu koyarwa a nan Karshi.

Labari ya kai wa Badaruddeen. Idda ta daɗe da cika, amma ya ɗauki mota ya tafi neman kome. A shagon Saleh ya same ta tana duba aikin ɗalibai. Ya daɗe yana kame-kame kafin maganar ta fito.

"Nazeefa, ki yi haƙuri. Wallahi ban sani ba."

Ta ajiye biro ta dube shi.

"An gaya maka, Abban Fu'ad. A ƙofar gidanka aka gaya maka. Ni ma na gaya maka. Ciwon na yafe, daga Allah yake. Amma ba zan koma gidan da sai mai gida ya yarda ina ciwo kafin in ga likita ba."

Ya juya wurin Saleh ko zai sa baki. Saleh ya ci gaba da ninke atamfarsa. Da Badaruddeen ya miƙa hannu zai ɗauki Fu'ad, yaron ya ɓuya a bayan kawunsa yana leƙen baƙon.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin ke fara shan wahalarsa ba, na kusa da shi ne. Bushewar ciki da ta daɗe, musamman in ta zo da gajiya da jin sanyi da ƙiba ba dalili, ba abin da za a kira basir a wuce ba ne. A je asibiti a yi gwaji. In kuma naka ya ce maka ba shi da lafiya, ka yarda da shi tun yana da bakin gaya maka.