Cokalin da Ya Tayar da Rabin Aji

Akwai wani malami a garin Aalborg, can ƙasar waje, mai suna Torben. Yana koyarwa a makarantar da ake horar da masu taimaka wa majinyata su sake iya cin abinci, wanka da sa riga bayan shanyewar jiki ko hatsari. Kun san ni, duk garin nan ba wanda ya kai ni tsokana, malamaina har murna suka yi da na bar musu makarantarsu. Amma abin da mutumin nan ya yi, ko ni ban taɓa kwatanta shi ba.

Yana da wani darasi da yake taƙama da shi. A ɗaure wa ɗalibi ido, ya zauna a kan hannayensa, abokinsa ya ba shi kunun hatsi da cokali, wai don ya ɗanɗana abin da majinyaci ke ji. Wanda ya ƙi, ba zai tafi asibiti koyon aiki ba, sai ya maimaita shekara.

Wata ɗaliba, Solvej, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Torben, don Allah ka bar ni in zama mai bayarwa kawai."

"Sannu, sarauniya! Za ki cusa wa tsofaffi cokali, amma naki bakin ya fi ƙarfinsa? Zauna."

Ta zauna, aka ɗaure mata ido. Malte, sarkin barkwancin ajin, ya ɗebo kunun.

"Haɗiye, 'yar lele. Wannan cokalin don Baba!"

Cokalin na taɓa leɓenta ta kurma ihu, ta faɗa ƙarƙashin tebur. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ta ƙaramar yarinya ce.

"Zan cinye, Baba! Na rantse zan cinye, kar ka toshe mini hanci!"

Kwanon kunun ya suɓuce wa Malte.

Kunya ta kama Torben, sai ya mayar da ita faɗa.

"An gama wasan kwaikwayon? Nan ba gidan reno ba ne. Duk wanda shi ma ya zo mana da kukan yarinta, ya miƙe mu gan shi!"

Ya ɗauka ba mai motsi. Sai kujera ta yi ƙara. Malte ne, ba alamar dariya a fuskarsa. Wata ta miƙe a baya. Wani a gefen taga. Kafin Torben ya rufe baki, kusan rabin ajin na tsaye.

Birgit, dattijuwar mataimakiyarsa da ke ɗaure wa ɗalibai ido tun da ya fara koyarwa, ta ajiye ƙyallayen ɗaure idon ta shiga cikinsu.

"Birgit? Har ke?"

"Duk shekara idan muka gama darasin nan, banɗaki nake shiga in yi amai. Me kake tsammanin ya kawo da yawanmu wannan aikin? Ba ka taɓa tambaya ba."

Torben ya durƙusa a gefen teburin da Solvej ke ƙarƙashinsa, bai taɓa ta ba.

"Solvej, ni ne. Ba mai sake ba ki komai. In kwance miki ƙyallen, ko za ki kwance da kanki?"

Da kanta ta kwance. Kuma da lokacin tafiya asibiti ya yi, tare da 'yan ajinsu ta tafi.

Darasi: Ba ka san abin da ɗalibin da ke gabanka ya gani yana yaro ba. Idan ya ce maka "ba zan iya ba", ka tambaye shi cikin mutunci kafin ka tilasta masa. Ku tura wa duk malamin da kuka sani.